Surin da Muka Yi Ɗaki a Kansa

Ni 'yar magini ce, kuma na daɗe ban iya faɗin haka da baki cike ba. A makarantar horon malamai, duk wadda ta tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce ɗan kwangila ne. Tunda dai gini yake yi wa mutane, ina ganin ban yi ƙarya tsagwaronta ba, amma na san hoton da nake so su ɗauka, na mutum mai babbar riga da mota a-kori-kura. Mahaifina kuwa laka yake cuɗawa da ƙafa a Horo Birni, diddigensa duk faso, rigarsa kullum launin ƙasar da ya yi aiki da ita a ranar.

Ni ce 'yar farinsa, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa tsayawa ya dube ni ido cikin ido ba. In yana son ruwa ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya ce da iska, “A kawo ruwa.” Yaran yanzu in na ba su labari sai su ce ai wannan ƙiyayya ce. Ba su san komai ba. Duk ranar kasuwa sai ya sayo mini ƙuli-ƙuli ko rake, ya miƙa wa ƙanwarsa, Gwaggo, ita kuma ta kira ni bayan rumbu ta ce, “Amshi, wani na yab ba ki.” Duk maganar da ke tsakanina da shi ta bakin Gwaggo take bi, zuwa da dawowa.

A ƙasarmu an san shi da abu guda, ɗakin da ya gina gara ba ta cinsa. Ba tsafi yake yi ba, naci ne da shi wanda ke gajiyar da masu gida. In aka nuna masa fili, sai ya yi kwana biyu yana zagayawa yana shurin ƙasa da ƙafa. In akwai suri, wato tudun da gara ke ginawa, ba ya yarda a aza tubali ko ɗaya sai an tona shi har ƙasa an fitar da uwar garar, an ƙona kara a ramin, an cika shi da toka. Saiwa ko kututture ba ya barin ko guntu a ƙarƙashin ɗaki. Azara kuwa sai ta namijin giginya, baƙin gefen nan mai tauri, ya ƙwanƙwasa kowace da ƙotar gatari yana saurare kamar mai sayen tukunya. Mutane na yi masa tsiya cewa kafin ya gama tona rami wani ya yi aure ya haihu. Shi kuma sai ya ce gara ba ta gaggawa, shi ma ba zai yi ba.

Na yi aure a Bodinga, inda aka tura ni koyarwa a firamare. Maigidana akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma, mutum mai fara'a, mai son biro a aljihun gaba, ba ya kirana sai da Malama. Muna haya a ɗaki biyu lokacin da farar hula suka karɓi mulki. Shugaban ƙasa ɗan yankinmu ne, don haka daga Shagari har Bodinga kowa tafiya yake yi kamar shi aka zaɓa. Manyan motoci na sauke siminti a bakin titi, kwano na ƙyalli ta ko'ina, wanda ke kwana a soron ƙasa har kunyar nuna gidansa yake ji. Maigida ya samu fili a gefen gari, ta hanyar Sifawa, ya ce shi ma zai yi ginin bulo, ciki da falo da ɗakin yara, da silin fari tas.

A tsakiyar filin akwai suri da ya kusa kai tsawon mutum. Na gan shi ranar da maigida ya kai ni in ga wurin, kuma ni da na tashi gidan magini na san abin da ake yi wa suri. Amma birkilan da ya ɗauko, wani mai gilashi da tef a wuya, ya sa leburori suka baje shi da diga kafin azahar. Har murna yake yi, wai an samu ƙasar ciko a banza. Ya ce siminti ba laka ba ne, gara haƙoranta za su karye. Maigida ya dawo yana ba ni labari yana dariya, ya ce, “Malama, zamanin laka ya wuce.” Bai faɗa don ya ci mini fuska ba, na tabbata ko tuna sana'ar surukinsa bai yi ba a lokacin. Ni dai maganar ta zauna mini a ƙirji.

Gini ya kai linta sai ga Gwaggo ranar wata Laraba, da ƙullin daddawa da kuka da albasar fadama. Ta ci abinci, ta yi salla, ta leƙa ta tabbata maigida yana ofis, sannan ta jawo ni.

“Matso nan. Ba daddawa ɗai tak kawo ni ba. Tsohonki ya biyo ta wurin aikinku shekaranjiya, za shi Sihwawa gyaran soron wani malami. Ya sabka mota ya zagaya ginin ga sa'ad da ma'aikata sunka tahi masallaci.”

Abin da na fara tunani, Allah ya yafe mini, shi ne ko wani ya gan shi da rigar nan tasa.

“Ya ce ki hwaɗa ma maigidanki,” in ji Gwaggo, tana lissafawa da yatsu, “shurin da anka baje ba a hidda uwa ba, tana nan ƙasa da ranta. Kada a yi daɓen sumunti sai an tona. Kututturen da anka bari tsakad ɗaki a cire shi. Katakon ga hwari da sunka jibge don ruhi kuwa, ya ce tuwon gara na, in dole sai da shi a jiƙa shi da baƙin mai ciki da baya. Kin jiya?”

“Na jiya, Gwaggo.”

“Kin san shi ba ya iya tarbon surukinai da magana irin wagga. Ke ma ba ya iya hwaɗa miki. Ni ko ba ni shiga tsakanin mata da miji. Na sabke, ya rage naki.”

Haka abin yake a wurinmu. Suruki ba ya tsayawa gaban mijin 'yarsa ya ce masa ka yi kuskure, balle a kan gidan da mutum ke ginawa da guminsa. Ko a hanya suka hangi juna, ɗaya ratsewa yake yi. Baba ya yi iyakar abin da al'ada ta bar masa, ya ba Gwaggo, Gwaggo ta ba ni, saura taki ɗaya saƙo ya isa.

Da la'asar maigida ya dawo da ƙurar siminti a takalminsa. Na ajiye masa tuwo da miyar kukar da Gwaggo ta kawo, na zauna gefe ina juya maganar a bakina. Shi kuwa sai zuba yake yi, gobe za a yi daɓe, jibi kafinta zai hau, ya ga wani fenti shuɗi a Sakkwato wanda zai dace da falo. Fuskarsa kamar ta yaron da aka ɗinka wa rigar salla. Na hango yadda zai yi in na ce a fasa daɓe a tona rami a tsakiyar falonsa, a kan maganar mai ginin laka. Na hango birkilan nan mai gilashi yana dariya yana tambaya wane ne ya faɗa. Da ya ɗago ya ce, “Gwaggo lahiya dai taz zaka?” sai na ji bakina ya ce, “Lahiya lau. Baba na gaishe ka, ya ce Allah shi sa albarka ga ginin.” Ya ce amin, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Bayan sati biyu Gwaggo ta dawo ta tambaye ni ko na faɗa. Na ce na faɗa. Ta ce me ya ce. Na ce ya ce masu aikin sun san aikinsu. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fitowa, kuma ta fi ta muni, don na shafa wa bawan Allah raini wanda bai yi ba. Gwaggo ta kai amsa Horo Birni. Abin da ya dawo mini daga Baba kalma huɗu ce, “To, Allah shi tsare.”

Muka tare. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin gidan nan. Matan malamai na zuwa suna ɗaga kai suna kallon silin, ni kuma ina yi kamar ban lura ba. Shekara ta farko ban ga komai ba, har na fara cewa a raina tsofaffi dai da tsoro suke. Ban san bulo rami ne da shi a ciki ba, kuma ta nan gara ke hawa hankalinta kwance, babu mai ganinta. A soron ƙasa azara a fili take, in gara ta ja layinta mace na gani ta sa tsintsiya ta kakkaɓe. Mu kuwa mun sa silin mun rufe, mun yi fenti a kai.

Kafin mu ankara zamani ya juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, siminti ya ɓace daga bakin titi, sabulu da madara sai an bi layi. Sojoji suka karɓi mulki, masu tafiya kamar su aka zaɓa duk suka koma tafiyar kowa. Damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye daga Kajiji har gonakin bayan gidanmu. Sannan aka yi rage ma'aikata, sunan maigida ya fito a ciki. Ya dawo gida da rana tsaka, ya cire biron daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Daga baya ya ce, “Alhamdu lillahi, Malama, ko ba komi muna da wurin kwana. Wanga gida shi ɗai na abin da niy yi a duniya.”

A cikin watannin nan ne na fara ganin alamu. Ina shara sai in tarar da 'yar ƙasa ja a gindin bango, in share, gobe ta dawo. Wata rana na dafa katakon ƙofar ɗakin yara, yatsana ya shige ciki kamar na taɓa ƙosai, fenti ne kawai a tsaye. Da rana in gida ya yi tsit, yara suna makarantar allo, nakan ji wani ɗan ƙas-ƙas a saman silin. Na san ko mene ne. Na ja kabad na rufe wurin da ƙasar ke fitowa, na liƙa kalanda a kan ƙofar. Mutumin da aka raba da aikinsa, ina zan fara ce masa gidan ma ana cinye shi? In kuma na faɗa, sai ya tambaye ni yaushe na sani.

Hadarin farko na daminar da ta biyo baya ya taso da la'asar. Iskar ba ta fi wadda muka saba gani ba, ko zanan maƙwabta ba ta kayar ba. Amma ƙusoshin rufinmu ba su da abin riƙo, katakon ya zama ɓawo. Muna falo muka ji ƙara, kwanon gefen gabas ya ɗaga gaba ɗaya ya kifa a bayan gida, silin ya rufto da ƙasa da gara fari fat, ruwa ya bi bayansu. Allah ya tsare, babu wanda ya ji ciwo. Maigida ya tsaya a tsakar gida ruwa na dukansa, ya ɗauki guntun katako ya murƙushe shi da hannu ɗaya. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba, ban kuma taɓa tsanar kaina haka ba.

Ba mu aika Horo Birni ba, labari ne ya kai kansa. Kwana uku bayan haka, da hantsi, motar ɗaukar albasa ta tsaya a ƙofar gida aka fara sauke azara, baƙaƙe, masu nauyi. Daga baya na ji ashe waɗanda Baba ya tanada ne shekara da shekaru don ya sake rufin ɗakin innata. Ya zo da abokan aikinsa biyu, dattawa irinsa, da Gwaggo. Bai shigo ba, ya zauna a gindin dogon yaro a waje har sai da Gwaggo ta shigar da ni madafa ta saki zana a ƙofar. Tun da aka kai ni gidan miji, ranar ce ya fara taka inda nake aure.

Maigida ya durƙusa ya gaishe shi, kansa a ƙasa, shi ma Baba ya kau da fuska yana amsawa. Ta ramin zana nake kallonsu. Baba bai ko dubi rufin ba. Ya shiga falo yana buga daɓen da ƙotar gatari, taki ɗaya bugu ɗaya, har ya zo inda sautin ya canza. Ya ce, “Nan.” Aka kawo diga aka fasa simintin da matan malamai ke cire takalmi kafin su taka.

Kwana biyu suna tono. Suka fitar da abin da ya rage na kututturen, ya zama kamar saƙar zuma. Suka fitar da guntayen katako da turakun da leburori suka binne a cikin ciko don ƙyuyar kwashewa. Ramin ya kai ƙirjin mutum, maigida da kansa ya tuɓe riga yana jan ƙasa da bokiti, hannun biro duk ya yi kanta. Ni da Gwaggo muna madafa muna tuƙa musu tuwon dawa.

A rana ta biyu bayan azahar Baba ya fito daga ramin da wani dunƙulen yumɓu mai tauri kamar dutse. Ya ɗora shi a bakin ƙofa ya fasa da gatari a hankali. Ga uwar garar nan a ciki, fara, mai kitse, ta fi babban yatsa, tana motsi da ƙyar. Maigida ya tsuguna yana kallonta, ya kasa ɗauke ido. Wannan abar ce ta cinye masa gida.

“Wallahi Baba,” ya ce, “da mun samu wanda yah hwaɗa muna tun sa'ad da aka aikin ga, da ba mu kai ga haka ba. Mu 'yan boko ba mu san komi ba sai takarda. Ko mutum guda bai ce man in tona ba.”

Muciyar da ke hannuna ta tsaya. Na ga Baba ya ɗago kai, karo na farko ya dubi surukinsa sosai, yana neman ko gatse ne. Babu gatse a fuskar maigida, gaskiyarsa yake faɗa. Shekara uku Baba na zaune da cewa ya aiko da magana an ce masu aiki sun san aikinsu, ya haɗiye, ya kuma kwaso azarar ɗakin matarsa ya kawo wa wanda yake zaton ya raina shi. Yanzu ya gane inda saƙon ya tsaya. Bai juyo wajen madafa ba, amma na san ya san ina bayan zanan.

Ya daɗe yana goge laka daga bakin gatarinsa da babban yatsa. Sannan ya ce, “Ni na biyo ta nan sa'ad da aka ciko. Na gani da idona. Ban aiko ba. Laihina na, ka yi hanƙuri.”

Maigida ya rikice, yana ta cewa subhanallahi Baba, wane shi, ai ba haka yake nufi ba. Ni kuwa na yar da muciya na miƙe, zan fita in faɗi gaskiya kowa ya ji. Gwaggo ta cafke mini wuyan hannu, tsohuwar nan ashe ƙarfi gare ta.

“Zamna,” ta ce ƙasa-ƙasa. “Ina za ki? Ki hita ki ce tsohonki ƙarya shi kai gaban surukinai? Ya riga ya ɗauka. Bar mai kayanai.”

Na zauna. Na yi kuka a cikin hayaƙi, tuwon ya kama a gindin tukunya.

Suka ƙona kara a ramin, suka cika shi da toka da tsakuwa, suka jera azara suka mayar da tsohon kwanon a kai. Baba ya ce kada a sake sa silin, ba a kuma sake sawa ba. A gidan muka aurar da yaranmu duka. Baba ya rasu bayan shekara shida, bai taɓa aiko mini da kalma ɗaya a kan maganar ba, ko ta bakin Gwaggo. Maigida ya riƙe shi da girma har ƙarshen ransa. Duk baƙon da ya ɗaga kai ya yaba azarar nan, sai ya ce aikin surukinsa ne, gwani ne wanda ba a yi irinsa ba, sai dai Allah ya jiƙansa kunya ta yi masa yawa, ya ga abu zai lalace ya kasa faɗa. Sai ya juyo ya ce, “Ko ba haka ba, Malama?”

Ni kuma in ce haka ne.